Yadda Na Zama Malam Nikel

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, can cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, lokacin ina ƙaramin malami a wata makarantar samari a Tudun Wadar Zariya. Yau na tsufa, abubuwa da yawa sun shige mini duhu, har sunayen jikokina sai na yi ta laluben su. Amma wannan ranar tana nan daram. Ko alwala nake yi na tuna ta, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi kamar jiya aka yi.

Shekarata ashirin da uku a lokacin, kuma a ganina duk lardin Zazzau babu wanda ya kai ni sanin kimiyya. Ina zuwa makaranta da farin wando mai karin guga, da alƙaluma uku jere a aljihun gaba (biyu daga ciki ba su da tawada, ado ne kawai). In na bi ta kasuwar Tudun Wada, littafi nake rungumewa yadda bangonsa zai kalli jama'a.

Wanda nake aiki a ƙarƙashinsa shi ne Malam Ɗalhatu, babban malamin kimiyya, mutumin Tudun Jukun. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Sai da ya haddace Alƙur'ani kafin ya shiga boko, kuma ya shiga bokon ya yi mata riƙon gaske. Ba shi da yawan magana. In ka yi kuskure ba ya faɗa, kallonka kawai zai yi ta saman tabarau har ka gano kuskuren da kanka. Ina ganin girmansa ƙwarai, ina kuma tsoronsa, kuma akwai dalili na uku da ya sa nake rawar jiki a gabansa.

Dalilin nan sunanta Rakiya. 'Yarsa ce, shi ya koyar da ita karatu a gida, har ta kai tana tara matan unguwa tana koya musu karatu da rubutun boko. Sau uku kacal na taɓa ganinta, duk a zauren gidansu, in na je mayar wa Malam littafi. Maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce "Sannu da zuwa, Malam" da "Yauwa, sannu" ba. (A karo na uku ma "yauwa" ɗin ta maƙale mini a wuya, tari na yi a madadinta.) Ban faɗa wa kowa ba. Ni dai na ajiye abin a raina ina jiran ranar da zan zama wani abu.

Sai ga dama ta zo. Aka ce Baturen makaranta zai zo ranar Laraba ya duba koyarwata, kuma rahoton da zai rubuta shi zai nuna ko za a tura ni ƙarin karatu na malaman kimiyya a wannan shekarar. Darasin da ya faɗo a kaina shi ne katayon da anayon.

Ga wanda ya manta, ko bai taɓa sani ba, abin ba wuya. Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace zarra kuma tana da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke kewaya ta, ana ce musu ilektoron. Wata zarrar mai kyauta ce, tana bayar da nata. In ta bayar, ta zama katayon, sai a sa mata alamar tarawa. Wata kuma mai karɓa ce. In ta karɓa, ta zama anayon, a sa mata alamar ɗebewa. (Na sani, kamar a juye aka yi abin: wanda ya bayar shi ke da tarawa, wanda ya karɓa shi ke da ɗebewa. Ni ma sai da na yi wata guda ina rigima da littafi a kan haka kafin na haƙura.) Da zarar an yi wannan bayarwa da karɓa, sai su biyun su manne wa juna, ba mai rabuwa da wani cikin sauƙi. Gishirin miyarmu ma haka yake: sodiyam ya bayar, kulorin ya karɓa.

Ranar Litinin da safe Malam Ɗalhatu ya kira ni ɗakin kimiyya. Ya ce, "Malam ƙarami, kada ka wahalar da kanka. Ka narka gishiri a ruwa, ka tsoma wayoyi biyu daga batir, ƙwan tocila ya kama. Ka gwada da sukari, ya ƙi kamawa. Ka yi musu bayanin dalili. Yara su gani, Bature ya gani, kowa ya tafi gida lafiya."

Na ce, "To, Malam."

Da baki na ce to. A zuciyata kuwa cewa na yi, ina! Gishiri da sukari? Ai wannan ko mai shayi zai iya. Ni abin da nake so shi ne in yi abin da Bature zai koma gida yana ba matarsa labari.

Na riga na san abin da zan yi. A can ƙasan kabad, bayan wasu kwalabe da ƙura ta rufe, na taɓa ganin wata kwalba mai farin gari, an rubuta mata kalsiyam fulorayid, kusa da ita kuma ga wani ɗan kwano na darma. Wannan garin ya dace da darasina sarai. Kalsiyam katayon ne, ilektoron biyu yake bayarwa. Fulorin kuwa, duk cikin zarra babu wanda ya kai shi kwaɗayi, amma ɗaya tak yake iya karɓa, don haka sai su biyu sun taru a kan kalsiyam ɗaya. Littafi kuma ya ce in aka haɗa garin nan da wani asid mai ƙarfi, yayan ruwan batir, fulorayid ɗin yakan fita cikin wani hayaƙi mai cin gilashi. In ka shafe gilashi da kakin zuma, ka yi rubutu da ƙusa a kan kakin, ka kifa a bakin kwanon, hayaƙin zai bi ta inda ƙusa ta karce ya sassaƙa rubutun a jikin gilashin har abada. (Kada wani mai karatu ya ce zai gwada. Abin da ban sani ba a lokacin game da haɗarinsa ya fi wanda na sani yawa, kuma za ku ji.)

Da aka tashi daga makaranta, bayan la'asar, na ɗauko wani gilashin taga guda ɗaya da ya rage a sito, na narka kaki na shafe shi, na zagaya bayan ɗakin kimiyya gindin mangwaro don in yi gwaji. Na riƙe ƙusa, na tsaya tunanin me zan rubuta. Gwaji ne kawai, ba mai gani. To, kun san zuciyar saurayi. Kafin in ankara hannuna ya riga ya yi aikinsa. Da manyan baƙaƙe, a tsakiyar gilashin, na rubuta "Ni", na sa masa alamar tarawa a ka. Kusa da shi na rubuta "Rakiya", na sa mata alamar ɗebewa. Wato ni na ba da zuciya, ita ta karɓa, mun manne. Na ja da baya na dubi abin, na ji duk duniya ba a taɓa yin fasaha irin wannan ba.

Na kifa gilashin a kan kwano, na koma gefe na zauna ina murmushi ni kaɗai. Ban daɗe ba sai na ji ƙararrawar keke daga bakin ƙofa. Duk Tudun Wada babu ƙararrawar da na sani kamar wannan. Malam Ɗalhatu ne ya dawo ɗaukar wani littafi da ya manta.

Ban san ina da sauri haka ba. Na sa awartaki na cafke gilashin, na dulmiya shi cikin bokitin ruwa, na ture kwanon bayan bishiya na zuba masa yashi, na zagayo na tsaya a baranda ina haki.

Ya ce, "Har yanzu kana nan?"

Na ce, "Shirin darasi nake yi, Malam."

Ya ce, "Madalla. Haka ake so." Ya ɗauki littafinsa ya hau keke ya tafi. Wannan "madalla" ta tsaya mini a rai, amma ba ta hana ni komai ba.

Na koma na ciro gilashin daga ruwa. Ga kaki, ga karcen ƙusa, ban ga wani canji ba. Na ce a raina lokacin bai isa ba, hayaƙin bai ci ba, ranar Laraba sai in bar shi ya daɗe. Da ina da hankali, da na kankare kakin gaba ɗaya na duba. Amma kakin da nake da shi kaɗan ne, kuma ina ɗokin in ɓatar da shaida. Sai na kara shi kusa da wuta, kakin ya narke ya malale ya rufe rubutun sumul. Na dube shi ta gaba, na dube shi ta gefe, babu Ni, babu Rakiya. Na yi hamdala na mayar da shi kabad.

Laraba ta zo. Baturen makaranta dogo ne, siriri, da gajeren wando da doguwar safa, ya iya Hausa irin ta littafi, wadda ake furta kowane harafi a ba shi haƙƙinsa. Suka zauna a bayan aji shi da Malam Ɗalhatu.

Gaskiya, rabin farko na darasin ya yi kyau. Ko yau zan iya faɗin haka ba tare da kunya ba. Ruwan gishiri ya kunna ƙwai, ruwan sukari ya ƙi. Na tambayi aji dalili, hannuwa suka tashi, aka ba ni amsa daidai: gishiri ya rabu cikin ruwa, katayon sun nufi waya ɗaya, anayon sun nufi ɗayar, su ne suka ɗauki wuta suka wuce da ita, sukari kuwa ba ya rabuwa haka. Na ga Bature yana gyaɗa kai yana rubutu. Na ga Malam ya ɗan saki fuska. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai na gyara murya na ce, "Yanzu kuma zan nuna muku ƙarfin anayon guda ɗaya, mai suna fulorayid."

Na fito da kwalba, da kwanon darma, da gilashina. Malam Ɗalhatu ya dube ni ta saman tabarau. Na yi kamar ban gani ba. Ya miƙe tsaye, a hankali ya ce, "Fitar da shi baranda, inda iska ke kaɗawa waje. Kada yaro ko ɗaya ya matsa kusa." Bai ƙara ko kalma ba, don ba ya so ya kunyata ni gaban baƙo. Shi da kansa ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya.

A gaban kowa na ɗauki ƙusa na rubuta alamar kalsiyam da tarawa biyu, da alamar fulorayid sau biyu, kowace da ɗebewarta, a gefen sama na gilashin. Na kai baranda na kifa. Na dawo na cika lokacin jira da surutu, ina kai da kawowa gaban allo, hannu ɗaya a aljihu, kamar yadda na ga Turawa suna yi.

Da lokaci ya yi na ɗauko shi da awartaki, na wanke cikin bokiti, na zuba ruwan zafi kakin ya sauka. Sannan na shafe shi da garin gawayi don rubutun ya fito baƙi, na goge da tsumma. Duk wannan aikin, idona yana kan Bature, ina so in ga fuskarsa lokacin da mamaki zai kama shi. Ban dubi gilashin ba. Wallahi ko sau ɗaya ban dube shi ba. Na ɗaga shi sama da hannu biyu, na juya shi ga aji, na ce, "To, ku karanta abin da fulorayid ya rubuta!"

Aji ya yi tsit. Na ɗauka mamaki ne, har na ƙara ɗaga shi. Sai na ga na layin gaba sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Wani daga baya ya yi wani irin sauti kamar an taka agwagwa.

Bature ya taso, ya karɓi gilashin daga hannuna, ya kai bakin taga ya ɗaga shi ga haske. A lokacin ne na gani. Kalsiyam da fulorayid suna can sama, ƙanana, tsaf. A tsakiya kuwa, da baƙaƙen da ko daga unguwar Kwangila za a iya karantawa, ga aikina na ranar Litinin ya fito raɗau.

Ya tsaya yana nazari, kamar mai duba takardar jarrabawa. Sannan ya nuna da yatsa ya ce, da Hausarsa ta littafi, "Wannan na san shi. Ni, alamar nikel ke nan. Katayon ne, gaskiya ne. Amma Malam, nikel tarawa biyu gare shi, kai ka sa ɗaya."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Muryata kamar ta wani ce daban.

Ya matsar da yatsa. "Wannan kuma, Ra-ki-ya. Na yi shekaru ina karatun kimiyya, ban taɓa gamuwa da wannan anayon ba. A ina ake samunsa?"

(Har yau ban sani ba ko da gaske yake tambaya ko shaƙiyanci ne. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na yi shekaru ina juya abin a raina.)

Da na yi shiru, da ya fi. Amma bakina ya buɗe da kansa, na ji ina cewa, "Sabo ne, ranka ya daɗe. Bai shiga littafi ba tukuna."

A nan ne Malam Ɗalhatu ya cire tabarau, ya goge shi da bakin rigarsa, ya mayar. Ya ce, cikin muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka, "Ranka ya daɗe, ba sabo ba ne. A gidana ake samunsa. Ni na raɗa masa suna."

Ajin ya fashe. Ba dariya ba ce ta raini, irin wadda aka daɗe ana dannewa ce har ta fi ƙarfin mai ita. Wasu suka kifa kai a tebur, wasu hawaye. Bature ya dubi Malam, ya dube ni, ya ce, "A'a. To. Na gane," ya ajiye gilashin a hankali kamar ƙwai, ya koma ya zauna yana ta rubutu a littafinsa, kunnuwansa sun yi ja. Ni kuwa na tsaya riƙe da tsumma, hannuwana baƙi ƙirin da gawayi, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage. Ƙasar Tudun Wada tana da tauri, ba ta tsage ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa, Malam ya naɗe gilashin cikin tsohuwar jarida, ya ɗaure a bayan kekensa, ya tafi abinsa. Kwana biyu na yi ina bin bayan gine-gine don kada mu haɗu. Har tashar jirgin ƙasa na je na tsaya ina kallon jiragen da ke tafiya kudu, ina tunanin ko a can suna neman malamin kimiyya wanda ba a san tarihinsa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji an dafa kafaɗata. Shi ne. Ya ce, "Ka zo gida bayan la'asar."

Na je, na durƙusa a zaure, ban yarda na hau tabarma ba. Na shirya jin maganar Rakiya, sai ya fara da abin da ban zata ba.

Ya ce, "Hayaƙin nan da ka tayar, ka san abin da yake yi wa mutum? In ya taɓa fata ba ya tsayawa a fata, har ƙashi yake bi. In ya shiga ƙirji kuwa, sai dai addu'a. Ka yi niyyar kunna shi cikin ɗaki, gaban 'ya'yan mutane da aka ba mu amana, don Bature ya yaba maka. Wannan shi ne laifinka. Na gaya wa Bature da bakina cewa kana da ilimi, amma a bar ka shekara guda tukuna ka koyi tsoron abin da ke cikin kwalba."

Wannan ta fi dariyar aji zafi, don gaskiya ce. Na ce, "Na tuba, Malam."

Sannan ya ce, "Ɗaya maganar kuma. Kana da manya?"

Na ce, "Ina da baffa a Giwa, Malam."

Ya ce, "To, bakinsa ya fi ƙusa iya irin wannan magana. Ka turo shi. Amma ka sani, sai na tambaye ta. In ta ce a'a, ka riƙe nikel ɗinka."

Ba ta ce a'a ba, amma ba ta bar ni na sha da sauƙi ba. Ranar da aka fara ba ni izinin zuwa zance, ta fito zaure ta zauna nesa, ta gaishe ni, ta ce, "Malam, na ga rubutunka. Hannunka ba laifi. Sai dai ina da tambaya. Me na rage maka da ka sa mini alamar ɗebewa?"

Na gyara zama na fara, "Ai ita zarra, in ta karɓi ilektoron..."

Ta ce, "Bar shi. Baba ya riga ya yi mini bayani, kuma ya fi ka iyawa. So nake in ga ko za ka yi tari."

Ƙarin karatu dai ban samu ba sai shekarar da ta biyo, kamar yadda Malam ya ce, kuma a wannan shekarar na koyi abin da ya fi na kwas ɗin amfani. Auren kuma aka ɗaura bayan kaka. Abin da bai taɓa barina ba shi ne sunan. Kafin mako ya zagayo, daga Tudun Wada har unguwar Kongo, Malam Nikel ake ce mini. Ɗalibaina suka girma suka zama alƙalai da likitoci, in mun haɗu sai su durƙusa cikin ladabi su ce, "Barka da yamma, Malam Nikel." Wasu da yawa sun ɗauka sunan garinmu ne.

Na karantar da katayon da anayon shekaru masu yawa bayan haka, da gishiri da sukari da ƙwan tocila, kuma ban taɓa ganin ɗalibin da ya kasa ganewa ba. Darasin da ni na ɗauka kuwa bai da alaƙa da kimiyya sosai. Tun daga wannan Larabar, ko takardar sanarwar ɗaurin aure aka miƙo mini a masallaci aka ce in karanta wa jama'a, sai na juya baya tukuna na karanta ta ni kaɗai, ciki da bai, sannan in ɗaga ta ga haske in tabbata babu wani abu a ƙarƙashi.